Ko Ruwa Ba A Ƙara Masa Ba

Na Allah muke, wurinsa za mu koma. A kan wannan ba ni da ja. Jayayyata da masu rai ce, waɗanda suka zo gaisuwa da baki biyu, ɗaya na addu'a, ɗaya na yanka. Ban yi boko ba, jikata ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini harshe. Na sa a rubuta ne don maganar da aka yi a gidan makoki ta riga ta hau mota ta shiga cikin gari, inda ƙafata ba ta kai.

Wanda ya rasu ɗan kawuna ne, ni 'yar gwaggonsa, wato taubashina. Tun muna cin ƙasa a Jiwa muke tsokanar juna, ba mu fasa ba har haƙoranmu suka zube. Malamin asibiti ne. Ya yi aiki a ƙananan asibitocin ƙauyukan Kwali da Bwari har ya yi ritaya. Mutanen can Baba Dakta suke ce masa, shi kuwa kullum sai ya ce, "Ni ba likita ba ne, mai tsaron ƙofar likita ne."

Ranar da aka kai shi makwanci, muna zaune a ɗakin matarsa, mata maƙil, ana ta jan carbi. Sai wata maƙwabciya ta karkato, ta yi murya ƙasa-ƙasa irin wadda kowa ke ji.

"Allah sarki. Leda nawa aka ƙara masa?"

Matarsa baiwar Allah ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, "Ba a ƙara masa ba."

"Ruwa fa nake nufi."

"Na gane. Ba a ƙara masa ba."

Ɗakin ya yi tsit. Na ga ido yana neman ido. Wanda bai san mu ba zai ce mene ne abin tsit a nan. To, a wurinmu ledar ruwan nan da ake ratayawa a kan mara lafiya ita ce shaidar yana da gata. Ka je dubiya ka ga tana ɗiga, sai hankalinka ya kwanta, ka fito kana cewa ai 'ya'yansa sun tsaya. In mutum ya mutu da ita a hannu, kwana ne ya ƙare. In ya mutu babu ita, to an yi sakaci.

Kafin la'asar magana ta tsallake katanga ta isa rumfar maza. Ƙanin marigayin, wanda ya iso daga nesa ana shirin sallar gawa, shi ya ɗauke ta ya ɗora a kan tabarma. A gaban liman, a gaban baƙi, ya ce, "Mutum yana da ɗa a ma'aikatar tarayya, da mota da direba, a ce ya mutu a ɗaki kamar wanda bai haifa ba? Ko ruwa ba a ƙara masa ba!"

Babban ɗan marigayin yana zaune a wurin. Abokan aikinsa sun zo cikin manyan riguna, suna ta "Oga, sori, Allah ya ba da haƙuri." Ɗaya daga cikinsu ma an ji shi yana raɗa wa na kusa da shi, "Ai ofis na iya fitar da tsohon waje, ban san me ya hana ba." Yaron ya miƙe, ya shiga ɗakin ubansa, ya turo ƙofa. Daga ranar bai sake zama a tabarmar karɓar gaisuwa ba. Babban ɗa ke nan, wanda gidan ya koma wuyansa, aka liƙa masa sunan wanda ya yi wa ubansa rowar magani. Irin wannan suna ba ya wankuwa da sabulu, har 'ya'yansa sai an goranta musu.

To bari in gaya muku wane ne uban, tunda kun manta da wuri.

Mutum ne da ba a gayyatar sa biki a zauna lafiya. Kowa ya zo suna da goro ko turmin atamfa, shi da jakar awon jini yake zuwa. Ana rabon waina, shi yana naɗe wa tsofaffi hannu yana matsa 'yar robar nan. Ya leƙa randa, ya kifar da tsohuwar tayar da ta tara ruwa a bayan ɗaki, ya tsare mai jego, "An kai shi riga-kafi?" Karin maganar nan ta riga-kafi ya fi magani, shi ya tsufar da ita. Ya sa ta ya cire, ya sa ta ya cire, har ta suɗe kamar silifas ɗin masallaci.

In ya zo gidana kuwa, ba ya zama sai ya ɗanɗana miya.

"Rediyo mai jini," haka yake kira na, "gishirin nan na gida ɗaya ne ko na unguwa?"

In ce, "Wanda bai kawo cefane ba, ba ya gyara tukunya."

Ya ce, "Ranar da jininki ya hau, ni za a taso."

In ce, "Kai ne hawan jinina. Tashi ka tafi ka ga yadda zai sauka."

Ya cinye tuwon tas, ya suɗe hannu, ya tafi yana mita.

Babban faɗanmu a kan autana aka yi shi, yana ƙarami. Zazzaɓi ya kama shi, jiki kamar garwashi. Na goya shi na shiga mota har ƙauyen da taubashina yake aiki, ina taƙamar ina da ɗan'uwa a asibiti. Ya duba yaron, ya buɗe masa ido, ya ba shi ruwa ya ga ya haɗiye. Sai ya ƙulla mini 'yan ƙwayoyi a takarda.

Na ce, "Ina allurar?"

Ya ce, "Yana iya haɗiya. Allura ta wanda ba ya iyawa ce."

"Na baro Jiwa, na keto daji, don ka ba ni abin da zan samu a wurin mai tebur?"

"Kin keto daji don a duba shi, an kuma duba shi. Yana kwana a gidan sauro?"

"Gidan sauro kabari ne, zafi."

"To ki zaɓi wanda ake fitowa da safe."

Wallahi na ji kamar in kwaɗa masa faifai. Na ba yaron ƙwayoyin don kada su yi asara, na kuma biya kemis aka yi masa allurar da zuciyata ke so. Yaro ya warke. Har taubashina ya koma ga Allah yana cewa ƙwayarsa ce, ni kuma har gobe allurata ce. Damina guda ba mu gaisa ba. Da ya gaji, sai ga shi da gidan sauro a hammata, ya jefa mini a cinya ya ce, "Ga kabarinki."

Ba ni kaɗai ya yi wa haka ba, shi ya sa ban riƙe shi ba. Akwai wani mai muƙami a yankin da ya dawo daga yawon siyasa a gajiye, ya shigo asibiti ya miƙe a gado ya ce a ƙara masa ruwa ya ji ƙarfi. Taubashina ya auna shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarka ƙalau. Ka je gida ka sha kunu ka yi barci." Mutumin ya ce ai ba kayan ubansa ba ne, na gwamnati ne. Taubashina ya ce, "Shi ya sa. Da na ubana ne da na ba ka." Ba a daɗe ba aka ɗauke shi aka jefa wani ƙauye can bayan Kwali, inda mota ba ta shiga in ruwa ya sauka. Na je na same shi na ce, "Ka ga abin da taurin kai ya jawo maka? Leda ɗaya! Da ka rataya masa ya yi barcinsa, wa ya mutu?" Ya ce, "Ba a san wanda zai mutu ba tukuna. Shi nake ajiye wa."

Washegarin jana'iza wata mata ta zo daga wannan ƙauyen, manomiya, Kirista ce, ta ɗauro doya a mota ta kawo wa masu makoki. Hausarta irin ta mutanen can ce, ba ruwanta da ya ko ta. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Mama, lokacin amai da gudawa, Baba Dakta ta rataya ruwa a itacen mangwaro. Ɗaki ya cika, mutane a ƙasa. Yarona ido ya shiga ciki, Baba ta nemi jijiya, ta nemi jijiya, ta samu a kai. Yaron ne ta kawo ni yau a mota." Ta share ido da bakin zane. Na so matan ɗakin su ji, amma a lokacin hankalinsu na kan wadda aka zuba wa nama biyu.

Kun ga ke nan ba gaba yake da ledar ruwa ba. Ya san ranarta ne.

Amma kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Mutumin da ya auna jinin rabin Jiwa, nasa sai ya ga dama. Ya hana ni gishiri, shi kuwa in ya bi ta wurin mai balangu sai an ƙulla masa, ya ɓoye a jakar awon jinin, matarsa ta sha tsintar takardar da maiƙo. Maganin da aka rubuta masa, in ya ji garau sai ya ajiye. Ranar da na kama shi na ce, "Malam riga-kafi, ina karin maganar?" Ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da ciwon ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya zama aiki. Ɗansa ya ɗauke shi zuwa babban asibiti a cikin gari, ni da matarsa muka bi. Likitar mace ce, ba ta kai autana shekaru ba. Na ga an kwantar da shi babu ko sandar rataya ruwa a gefen gado, na ce, "'Yata, ba za a ƙara masa ruwa ba?"

Ta ce, "Mama, ruwan ne ya yi masa yawa. Zuciyarsa ta gaji, ba ta iya kore shi. In na ƙara masa, nutsar da shi zan yi a kan gadonsa. Maganin da zai rage ruwan za mu ba shi."

Tsohon nan, da numfashinsa da ƙyar, sai da ya juyo ya kalle ni ya ɗaga gira. A gadon asibiti ma sai ya ci ni da gardama.

Ɗansa bai zauna ba. Ya yi ta shiga yana fita har ya gano akwai aikin da ake yi wa irin wannan zuciya a ƙasar waje, kuma wurin aikinsa na da tsarin ɗaukar nauyin jinyar iyaye. Likitar ba ta ɓoye komai ba. Ta ce a shekarunsa aikin zai iya ƙara masa ɗan lokaci, zai kuma iya zama bai farka daga shi ba, zaɓi nasa ne. Yaron ya durƙusa a gaban gado.

"Baba, an gama komai. Amincewarka kawai ake jira."

"Wa zai biya?"

"Ba daga aljihuna ba ne, Baba. Gwamnati ce."

"Gwamnati tana da gona ne? Ka taɓa ganin rumbunta? Rumbun mutane take ɗiba. Abin da za a kashe a kaina a can, na san asibitin da zai riƙe shekara. Na zauna a cikinsa, ina raba ƙwaya biyu."

Nan fa na tashi. Na ce, "Kai dai Allah ya yi ka da taurin kai! Manyan da ke hawa jirgi a duba musu ciwon kunne fa? Kai da ka yi wa gwamnatin nan bauta har kanka ya yi fari, yau ta ce ga naka, ka ce a'a? Kana tsammanin in ka ƙi, gidan sauro za a saya da kuɗin? Wani ne zai haɗiye, ko gyatsa ba zai yi ba!"

Ya ce, "Rediyo, rage murya, akwai marasa lafiya. Ban san inda za su tafi ba. Na dai san ba a kaina suka ƙare ba."

"Tsoron jirgi kake yi, faɗi gaskiya."

Ya yi murmushi. "Da shi ma. Kuma ina so in riƙa jin kiran sallar masallacinmu."

Yaron ya roƙa, ya kawo abokai suka roƙa, ya kawo liman. Kamar ana magana da dutsen Bwari. Da jikin ya ɗan lafa, aka sallame mu da magunguna muka dawo Jiwa. Kullum yaron sai ya biyo daga ofis, ya cire babbar riga, ya wanke ubansa da hannunsa, ya juya shi, ya shafa masa mai a ƙafa. Wannan ba wanda ya gani, don ba a rataya shi a bango.

Ni kuwa na san mutanena. Na ga 'yan dubiya suna shigowa, idonsu na zagaya ɗaki, yana neman abin da babu. Sai na yi dabara, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Na je kemis da kaina na sayo ledar ruwa da igiyarta. Bayan azahar, yana gyangyaɗi, na rataya ta a ƙusar da ke saman gadonsa, na tura bakin igiyar a ƙarƙashin bargo. Ba allura, ba komai. Mai shigowa ya gani, ya fita ya ce 'ya'ya sun tsaya. Wa aka cuta?

Ya buɗe ido, ya bi igiyar da kallo har sama.

"Wa ya rataya wannan?"

"Ni ce. Ba a jikinka take ba, don bakin mutane ne. Ka tausaya wa ɗanka."

Ya tara numfashi. Sannan ya ce, "Rayuwata duka ina gaya wa mutane ledar nan ba laya ba ce. Yau a rataya mini ita kamar laya? Duk wanda ya shigo zai fita ya ce ashe Baba Dakta ma, da ta zo kansa, ruwa ya nema. Gobe ya je ya tsare wani yaro a asibiti sai an ƙara masa."

Ya sa aka kira ɗan. Yaron bai san da zancen ba, ya tsaya yana kallon ledar yana kallo na. Uban ya ce, "Sauke ta. Ba a fasa ta ba, ka kai asibitin unguwa, akwai mai ita." Yaron ya sauke. Uban ya kama masa gefen riga ya ce, "Za su zage ka a kaina. Na sani. Ka yafe mini." Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma, tunda Allah ya ba ki baki ya hana ki linzami, in na tafi ki wanke yaron nan."

Na ce, "Ka tashi ka wanke abinka. Ni baiwarka ce?"

Bai tashi ba.

Ranar addu'ar uku da safe, rumfa ta cika, babban ɗa ba ya nan. Na tura ƙofar ɗakin na same shi zaune a bakin gadon ubansa, idanu jawur.

"Tashi."

"Gwaggo, ki bar ni. Me zan ce musu? In ce Baba ne ya ƙi? Sai su ce na ɗora wa mamaci laifi."

"Kai ba za ka ce komai ba. Ni aka bar wa aikin."

Na kama hannun rigarsa na ja shi kamar ɗan da ya ƙi makaranta. Mace ba ta shiga rumfar maza, na sani. Amma na haifi rabin waɗanda ke ciki a shekaru, sauran kuma na ga ranar da aka yi musu kaciya. Liman ya ɗago ya ce, "Hajiya, lafiya?"

Na ce, "Gafarta Malam, saƙon mamaci na kawo, kuma ba zan daɗe ba."

Na fuskanci ƙanin marigayin. Shi ma taubashina ne, don haka ba shamaki. Na ce, "Kai mai lissafin ruwa, ina kake lokacin da ƙafar yayanka ta yi kamar turmi? A waya kake, kana 'ya jiki, ya jiki.' Likita ta ce ruwa ne ke kashe shi, kai kana kukan ba a ƙara masa ba. Yaron nan ya nemo hanyar fita waje, ya durƙusa, ya yi kuka, yayanka ya ce ba zai ci rumbun talakawa ba. Malam, ba a gabanka aka yi ba?"

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "An yi haka. Ni ma na roƙe shi."

Na ba su labarin ledar da na rataya, ban rage komai ba. Wasu suka yi dariya suka toshe baki. Abokan aikin yaron suka kama kallon takalmansu.

Ƙanin ya ce, "To ai ni ba a gaya mini ba."

"Ka tambaya?"

Bai ba da haƙuri ba. Jininsu ɗaya da marigayin, ba su san hanyar kalmar ba. Ya dai yi gyaran murya, ya ja jiki gefe, ya daɓa tabarma da tafin hannu a inda babban ɗa ya kamata ya zauna. Ya ce, "Zo nan. Mutane na ta tambayar ka." Yaron ya zauna. Wani tsoho da ya shigo a lokacin ya nufe shi kai tsaye, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ya haƙuri?" Na ji muryar yaron ta fito, "Da godiya." Na juya na koma cikin mata.

Allah ya jiƙan ka, ɗan kawuna. Ya yafe maka balangun da ka ɓoye, ya sa jijiyoyin yaran da ka nema a gindin mangwaro su zame maka haske a kabari. Ya ba matarka juriyar takaba, ya riƙa wa ɗanka gidan da ka bar masa. Na wanke shi kamar yadda ka ce. Amma kada ka ɗauka na sallama. Har yanzu ina ganin da ka hau jirgin nan, ko damina ɗaya ce da mun ƙara muna faɗa. Ka ci gardamar ne kawai don ka riga ni tafiya. Ina nan tafe, kuma ban gama ba.